Dubi Gawo, Ya Kai Matashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin kowa da komai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, akwai maganar da na sha ji daga bakin samarinmu na Zinyau in an tashi daga karatun Magariba. Sai ka ji yaro ya ce, "Malam, ni fa ban san inda na dosa ba. Na gama sakandare, noma bai kwanta mini ba, birni kuma ba ni da kowa." To, ka sani wannan magana ba ta wasa ba ce. Wanda bai zaɓar wa kansa alƙibla ba, wani zai zaɓar masa: ko mai sayar da ƙwaya, ko ɗan siyasa mai neman 'yan jagaliya, ko boka ya buga ƙasa ya ce ya hango masa arziki. Zuwa wajen boka kuwa halaka ce, Allah Ya tsare mu.

Ni ba zan aike ka nesa ba. Allah Ya umarce mu a wurare da yawa cikin Alƙur'ani mu dubi halittarsa mu yi tunani. Saboda haka fita bayan gari ka dubi gawo. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa suka yi kore shar, shi zubar da ganyensa yake yi. Ganyen ya zama taki, rana ta sami hanya, gero da dawa su yi kyau a gindinsa. In rani ya yi, ciyawa ta ƙare, a nan ne yake fid da ganye, ya yi inuwa, awaki da shanu su ci 'ya'yansa. Da gawo ya ce sai ya yi abin da kowa ke yi, da ina amfaninsa?

Ga darasin. Kada ka fara da tambayar "me nake so?" Fara da "mene ne ranin garinmu?" Wato me mutane suka rasa wanda kai za ka iya koyo? In famfon burtsatse ya lalace, wa ke gyarawa? In cuta ta shiga garke, wa ke dubawa? Yara nawa ne a unguwarku ba su iya Fatiha daidai ba? Sha'awar aiki ba ta samun mutum yana kishingiɗe da waya a hannu. A cikin aikin take tsira, ranar da ka ga an amfana da hannunka.

Amma lura, gawo bai iya haka ba sai don saiwarsa ta nutsa ƙasa ta kai ga ruwa. Saiwarka kai ita ce tauhidi, da ilmi, da niyya don Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a 1754, ya fara wa'azi wajen 1774, yana ɗan shekara ashirin. Ya ga ranin zamaninsa, wato jahilci da bidi'a, amma sai da ya durƙusa gaban malamai tukuna.

Wani zai ce, "Ni abubuwan da nake so ne suka yi yawa, yau kaza gobe kaza." To, kai kuma je ka Tiga, ba nisa gare ta ba. A da, ruwan Kogin Kano yakan taho da ƙarfi da damina ya wuce, da rani a bar mutane da yashi. Da aka gama madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tare ruwan aka yi masa hanya, sai ga shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Ruwan nan dai shi ne, hanya kawai ya samu. Ƙuruciyarka damina ce, ba ta daɗewa. Tare ta, ka kama abu ɗaya.

Kada kuma Shaiɗan ya ce maka zama shi ne tawakkali. Da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya buga misalin tawakkali a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyadina Umar, da tsuntsu ya buga shi. Tsuntsu kuwa ba ya wuni a sheƙa yana jira, sammako yake yi.

Saboda haka ga shawara. Cikin makon nan ka zauna ka lissafa abu uku da garinku ya rasa. Zaɓi wanda ka fi iyawa, ka yi shawara da iyayenka, ka yi sallar istihara. Daga nan ka nemi gwani ka zama yaronsa, ka daure shekara guda ba canji, ba tare da ka bar makarantar dare ba. In an yi maka dariya a majalisa, ka tuna shi ma gawo da damina kamar matacce yake.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa albarka a ƙuruciyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.