Shin Baiwa Kaɗai Ta Isa?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan makarantu inda a ke koyar da wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, kamar yadda a ke koyar da aikin likita ko na lauya. A Landan akwai wadda a ke kira RADA, an kafa ta a 1904. A Niyok kuwa akwai Juilliard, wadda ta buɗe sashen wasan kwaikwayo a 1968. Mai son shiga sai an yi masa gwaji, watau ya tsaya gaban malamai ya yi ɗan guntun wasan da ya hardace, ko ya busa, ko ya rera, cikin 'yan mintoci. Masu nema da yawa, waɗanda a ke ɗauka 'yan ƙalilan.

Amma ba gwajin kaɗai a ke dubawa ba. A Juilliard a kan nemi sakamakon karatun yaro na baya, da takardar shaida daga wanda ya san shi, da jerin ayyukan da ya taɓa yi, da kuma insha'in da ya rubuta da kansa. To, a nan wata tambaya ta taso: shin adalci ne a nemi wani abu bayan baiwa?

Wani zai ce, in muryar yaro ta yi daɗi, ina ruwan malamai da takardunsa? Zai ƙara da cewa ɗan mai kuɗi ya fi samun wanda zai tsara masa takardu, ɗan talaka kuwa ba shi da kome sai abin da Allah ya ba shi. Maganar nan ba ta banza ba ce, ya kamata mu auna ta da kyau.

Da farko, gwaji yini guda ya ke nunawa, takardu kuwa shekaru su ke nunawa. Gwani ya kan tashi da mura ranar gwaji, rago kuma ya kan dace. Mintocin nan ba za su gaya wa malami ko yaro ya kan zo aiki a kan lokaci ba, ko ya kan jure in an yi masa gyara. Wanda ya zauna da shi shekara da shekaru shi ne zai iya faɗin wannan.

Na biyu, wasan kwaikwayo aikin taro ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makaɗanmu sun san wannan tun da daɗewa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, bai fara da jan waƙa ba, sai da ya daɗe yana amshi a bayan magabatansa na gida. Cikin amshi a ke koyon sauraro, da sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru. Abin da shugaban kiɗa ya ke gani da idonsa cikin shekarun amshi, shi makaranta ta ke nema cikin takardar shaida.

Na uku, mai wasa makaranci ne. Ba zai iya fitowa a matsayin sarki ko bawa ba sai ya karanta labarin ya fahimci zuciyar mutumin. Shi ya sa jami'o'in Nijeriya masu koyar da wannan fanni, irin su Ibadan da Ahmadu Bello ta Zariya, su ke duba sakamakon jarrabawar sakandare, musamman Ingilishi da adabi.

Ke nan neman takardu ba zalunci ba ne. Zalunci shi ne a cika su da ƙarya. A 2019 asirin waɗansu attajiran Amurka ya tonu, an gano sun sayi hanyar shigar da 'ya'yansu jami'a. Cikinsu har da shahararriyar 'yar wasan nan Felicity Huffman, wadda ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawa. Alƙali ya yanke mata kwana 14 a kurkuku. Ta nufi taimakon 'yarta, sai ta jawo mata kunya. Banda haka, kujerar da a ke saye da ƙarya ta wani ce wanda ya yi wahala dominta.

To, yaya mai nema zai ƙarfafa takardunsa bisa gaskiya? Ya fara da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shiga kowane wasa na makaranta ko na unguwa, ko da share fage ne ko ɗinka tufafin wasa, ya kuma rubuta shi yadda ya ke, ba daɗi ba ragi. Ya nemi shaida wurin malamin da ya san halinsa, ba wurin babban mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Insha'i kuwa ya rubuta da bakinsa, domin in an tambaye shi ya iya kare kowace kalma.

Su ma malamai akwai haƙƙi a wuyansu. Kada su tambayi yawan abin da yaro ya samu kaɗai, su tambayi abin da ya yi da ɗan abin da ya samu. In sun yi haka, an amsa kukan mai cewa za a danne ɗan talaka.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa sanin wannan magana. Ba ranar jarrabawa kuka iya karatu ba, yammacin nan ne da kuka riƙa zuwa aji bayan gajiyar gona da kasuwa. In ɗanku ko 'yarku ta nuna baiwa, ku gode wa Allah, sa'an nan ku koya mata irin naciyarku, kada kuma ku yarda a rubuta mata abin da ba ta yi ba.