Wa Ya Fi Tausayi, Mai Sauri Ko Mai Dubawa?

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ke yawo a bakinmu a gidajen suna da wuraren zaman makoki, wadda na daɗe ina juya ta a raina. Za ki ji an ce, "Ai ma'aikatan ɗakin jinin nan ba su da imani. Mace tana zubar da jini, mijinta ya kawo mutum biyu an ɗiba, amma suka ce wai sai an jira gwaji." Sai kowa ta ja tsaki, a yi ta Allah ya isa. Ni ban raina wannan kuka ba, domin zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego a duniya, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa ta san minti ɗaya a wurin ya fi wuni tsawo. Amma ga tambayata: tsakanin wanda ya miƙo ledar jinin da sauri, da wanda ya riƙe ta ya ce sai ya duba, wane ne mai tausayin?

Ledar jini dai ba ta magana. Ta mai lafiya ja ce, ta mai ciwo ma ja ce. Kafin shekarar 1901, lokacin da wani likita mutumin Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya bayyana cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, in an ƙara wa mutum jini sai dai a zuba ido, wani ya tashi wani ya tafi, ba a san dalili ba. Yanzu an sani. In aka sa wa mai rukunin O jinin mai rukunin A, jikinta zai far wa baƙon jinin da yaƙi, ƙoda ta iya tsayawa, rai ya iya salwanta. Shi ya sa ake haɗa ɗan jinin majinyaciya da na ledar a gani ko za su zauna lafiya. Ban da wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace leda sai an bincike ta a kan cuta huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. To kin ji abin da ake yi a bayan tagar nan da muke bubbugawa.

Sannan ga ajiya. Jini yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, kada ya daskare kada kuma ya ɗumama, kuma irin ledar da aka fi amfani da ita kwana 35 ne wa'adinta. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, dole a sami wanda zai riƙa duba ma'aunin firjin yana rubutawa dare da rana. In an fitar da leda, so ake a fara sa ta kafin rabin awa, a gama kafin awa huɗu. Duk wannan shi ma'aikata ke kira tsarin tabbatar da inganci. Ni kuwa in an tambaye ni, sai in ce halin uwar adashi ne ta ƙwarai, wadda ko 'yarta ce ta kawo zubi sai ta ƙirga ta rubuta. Ba don ta zargi kowa ba, don dai ranar da rigima ta tashi littafi ya yi magana.

Wani abin da ke ba mu haushi shi ne yawan tambayar suna. Mai ɗibar jini ya tambaya, nas ta tambaya, an zo sa ledar an sake tambaya, har ki ce ko raini ne. To ki tuna ɗaki ɗaya a asibiti zai iya ɗaukar Hadiza uku, biyu daga ciki ma sunan mahaifinsu Musa. Yawancin lokutan da aka sa wa mutum jinin da ba rukuninsa ba, ba na'ura ce ta yi kuskure ba, hannu ne ya manna suna a kwalbar da ba ita ba, ko aka kai leda gadon da ba shi ba. Saboda haka in nas ta tambaye ki karo na uku, ki amsa mata da sakin fuska.

Kada kuma ki ɗauka sakaci da jini ciwon talakawa ne kawai. A Birtaniya, daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, fiye da mutum 30,000 aka sa wa ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da ake haɗawa da shi, kimanin 3,000 sun riga sun mutu. Wani ɓangaren maganin daga Amurka aka sayo shi, an haɗa shi da jinin mutanen da ake biya kuɗi, har da 'yan kurkuku. Sai a watan Mayu na 2024 kwamitin bincike ya fitar da rahotonsa, ya ce yawancin ɓarnar abin da za a iya kauce wa ne, an kuma ɓoye gaskiya, har da takardun da aka lalata. Ƙasa mai kuɗi da wuta da ƙwararru ke nan.

Ki lura da maganar biyan kuɗin nan, don a nan abin ya shigo ɗakunanmu. An ce a kawo mai ba da jini, dangi kowa ya noƙe, wannan ya ce azumi yake, wancan ya ce jininsa bai isa ba. Sai a fita bakin ƙofar asibiti a yi ciniki da wani saurayi, a raɗa masa, "In an tambaye ka, ka ce ƙanin mijinta ne." Muna ganin ƙarya ce ta ceton rai. Alhali kuwa akwai wani ɗan lokaci bayan cuta ta shiga jikin mutum da gwaji ba ya iya ganinta, kwanaki ko makonni, gwargwadon irin cutar da irin gwajin. A wannan tsakanin babu abin da ke kare majinyaciya sai gaskiyar da mai ba da jinin ya faɗa lokacin da ake masa tambayoyi. Wanda yunwa ta kawo shi, wanda aka ɗibi jininsa makon jiya a wani asibitin, ta yaya zai faɗi abin da zai hana shi kuɗin tuwo? Ni ban ga laifinsa sosai ba, talauci ba ya barin kunya. Mu da muka koya masa abin da zai ce, mu muka buɗe ƙofar da ma'aikacin nan ke ƙoƙarin rufewa, kuma 'yar'uwarmu muka buɗe wa.

Wata za ta ce, "To Hajiya, sai a bar mace ta mutu ana jiran gwaji?" A'a. Jinkiri ma yana kisa, kuma akwai jinkirin da ba na gwaji ba ne, na lalaci ne ko na neman na goro, wannan kam ba ni da bakin kare shi. Amma inda aiki ke tafiya daidai, ba a ranar naƙuda ake fara neman jini ba. An ɗiba tun tuni, an gwada, an rubuta, yana firji yana jira. In abin ya yi tsanani har akwai rukunin O nagatif da likita ke iya sawa kafin a gama haɗin, sai dai masu irinsa ba su da yawa a cikinmu. Ashe tsayuwar da muke yi a taga, rabinta firjin da babu komai ne ya jawo ta. A 2021 Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, amma doka ba ta da jijiyar da za a huda. Firji ba ya cika sai da jinin mutanen da suka bayar don wanda ba su sani ba, mu kuwa mun saba sai namu ya kwanta muke tunawa.

Kuma ba na maza kaɗai ba ne. Mace mai lafiya da ta kai shekara 18, nauyinta ya kai kilo 50, ba ta da ciki ba ta shayarwa, za ta iya bayarwa bayan an auna an ga jininta ya isa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi, sai ta huta wata huɗu kafin ta sake. Mai ciki kuwa, tun a awon farko ki tambayi rukuninki, ki sa a rubuta miki a kati. In aka ce nagatif ne, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya. Ki zauna da maigida tun cikin yana wata shida ku tsayar da waɗanda za su je a ɗiba, su je da sunansu na gaskiya, a gwada a ajiye.