Ciwon Suga, Ƙwayoyin Hanji da Tambayar Alhaki

Idan ciwon suga ya kama mutum bayan ya manyanta, jama'a sukan yanke masa ɗaya daga cikin hukunci biyu: wasu su ce shi ya ja wa kansa da kwaɗayin zaƙi da ƙiba da zaman wuri ɗaya, wasu kuma su ce ƙaddara ta riga fata, babu abin da zai yi ya kauce. Wannan ciwo, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, yana samuwa ne idan jiki ya daina amsa wa insulin yadda ya kamata, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka da hanta da kitse, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga shi ke damun su. A shekarar 2021 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ke ɗauke da ciwon suga, adadin da ya isa ya sa tambayar alhaki ta wuce zancen bakin titi ta zama mas'alar da ta cancanci nazari. Abin da ya ƙara mata sarƙaƙiya shi ne gano cewa akwai wasu halittu da ke da hannu a lamarin, waɗanda hukunce-hukuncen nan biyu ba su san da zamansu ba.

Halittun su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji, waɗanda wani ƙiyasi na 2016 ya kai yawansu kusan tiriliyan 38 a jikin baligi, alhali ƙwayoyin halittar jikin nasa kusan tiriliyan 30 ne, kuma dukkansu nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Abincinsu shi ne harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake wanda cikin mutum ba ya iya narkarwa, suna ruɓar da ita su fitar da wasu sinadarai, daga ciki har da butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji ya kuma ƙarfafa shi. Idan bangon ya yi rauni, ɓurɓushin wasu ƙwayoyin yakan tsallaka cikin jini ya tayar da wani kumburi na ƙasa-ƙasa da ba a ji, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa irin wannan kumburi yana rage wa jiki jin insulin.

A 2012 masu bincike a birnin Shenzhen na ƙasar Sin suka wallafa nazarin hanjin mutum 345 a mujallar Nature, inda suka tarar cewa masu ciwon suga suna da ƙarancin ƙwayoyin da ke samar da butiret, tare da ƙaruwar waɗanda ke cutarwa idan sun sami dama, ko da yake sun bayyana karkacewar da cewa matsakaiciya ce. Shekara guda bayan haka aka yi makamancin nazarin a kan tsofaffin mata 145 a Suwidin, aka sami kusan abu ɗaya game da butiret, sai dai alamun da suka bambanta mai ciwo da mai lafiya a Turai ba su yi daidai da na Sin ba.

A nan ne tsohuwar muhawarar sababi da musabbabi take shigowa. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja a littafinsa Tahafut al-Falasifa cewa ganin auduga ta ƙone duk lokacin da wuta ta taɓa ta yana tabbatar da haɗuwar abubuwa biyu ne kawai, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya tilasta ɗayan, Ibn Rushd kuma ya mayar masa da martani cewa wanda ya soke sabubba ya soke ilimi. Matsalar likitoci ba ta kai zurfin tasu ba, domin su ba su shakkar samuwar sabubba, amma gargaɗin al-Ghazali ya same su a 2015, lokacin da aka sake nazarin bayanan mutum 784 daga Denmak da Suwidin da Sin, aka gano cewa wani kaso na canjin da aka jingina wa ciwon aikin metfomin ne, maganin da aka fi bai wa masu ciwon. Wato an ga abubuwa biyu tare, an ɗaura musu aure, ashe akwai na uku a tsakani. Duk da haka raguwar masu samar da butiret ta tabbata ko a waɗanda ba su shan maganin. Gwajin da ya fi kusa da matsayar Ibn Rushd shi ne na Amsterdam a 2012, inda aka tace bayan gidan siraran mutane masu lafiya, aka zura shi ta bututu zuwa ƙaramin hanjin wasu maza masu ƙiba waɗanda jikinsu ya soma ƙin insulin. Bayan mako 6 jikinsu ya fi jin insulin, amma wani gwaji na 2017 ya nuna cewa zuwa mako 18 amfanin ya gushe. Ƙwayoyin suna da tasiri ke nan, sai dai su ma abinci da magani da shi kansa ciwon suna juya su, har ya zama da wuya a ce ga mafari.

Wannan yana raunana ƙwarai hukuncin farko, na cewa mai ciwon ne ya ja wa kansa. Malaman aƙida na mazhabar Ash'ari, wadda aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, sun bambanta aikin da bawa ya yi da zaɓinsa, wanda suke kira kasabu, da abin da ya auku gare shi ba da zaɓi ba, kamar karkarwar mai zazzaɓi, kuma hisabi a kan na farko yake. Mutum kuwa bai zaɓi ƙwayoyin da ya karɓa daga mahaifiyarsa a lokacin haihuwa da shayarwa ba, bai zaɓi magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka ɗura masa yana ƙarami ba, haka nan bai zaɓi gadon jininsa ba. Ko abincin da ake zarginsa da shi, sau da yawa aljihu da kasuwa ne suka zaɓa masa. Wani nazari na 2010 ya kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence a Italiya, ya tarar cewa hanjin yaran ƙauyen ya fi yawan nau'o'in ƙwayoyi da sinadaran da ake samu daga harza. Nazarin bai shafi ciwon suga kai tsaye ba, amma cimar da ya bayyana ita ce ta kakannin Bahaushe, kafin a koma ga farar shinkafa da burodi da taliya.

Hukunci na biyu, na jingina komai ga ƙaddara, shi ma bai tsira ba, domin ƙwayoyin hanji suna soma canjawa cikin 'yan kwanaki idan cima ta canja, kuma wani gwaji da aka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa masu ciwon suga da aka ciyar da abinci mai yawan harza sun fi samun sauƙin sukarin jini fiye da takwarorinsu. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa bawa riƙon sababi ba, ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya yi horo da a kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ita kuwa maganar nan da ake yawan jingina wa Annabi (SAW) cewa tumbi ne gidan cuta, malaman hadisi sun ce ba tasa ba ce, an fi danganta ta ga likitan Larabawa al-Harith ibn Kalada.

Sai dai batun daidaita ƙwayoyin hanji yana buƙatar taka-tsantsan. Ibn Sina, wanda ya gaji ra'ayin Galen cewa lafiya daidaiton ɗabi'u huɗu ce a jiki, ya yarda cewa kowane mutum da nasa daidaiton gwargwadon shekarunsa da ƙasarsa, kuma binciken zamani ya zo da makamancin haka, tun da masu lafiya biyu sukan bambanta sosai a ƙwayoyin hanjinsu. Babu wani ma'auni guda da likitoci suka amince da shi a matsayin lafiyayyen hanji, saboda haka duk mai tallar garin magani ko ƙwaya da ya ce zai daidaita hanji ya warkar da suga, ya faɗi abin da ilimi bai tabbatar ba. Mai ciwon suga ba abin zargi ba ne a kan kamuwarsa, domin sabubban sun fi ƙarfin saninsa balle zaɓinsa, amma yana da alhakin abin da ya rage a hannunsa bayan ya sani, wato shan maganin da likita ya rubuta, da awon jini a kai a kai, da motsa jiki, da mayar da wake da ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba cikin kwanonsa gwargwadon iko.