Koyar da Goge a Aji: Ina Haramcin Yake?

Goge kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Ana rufe ƙoƙon duma da fatar guza, a ratsa shi da sanda, a ɗaura tsirkiyar izgar doki bisa ɗan icen da ake kira jaki. Bakan da ake gogawa shi ma izga ce, kuma sai an shafa masa ƙaro yake kamawa. Mai koyo yakan fara da hannun dama, har jan baka da turawa su daidaita, sauti ya daina ƙuga. Aikin hagu ya fi wuya: babu alama a jikin sanda, yatsu na taɓa tsirkiya ne ba tare da danne ta ba, saboda haka kunne kaɗai ke gaya wa yaro ko ya dace.

A da, a gindin maigida ake samun wannan ilimi, yaro na kaɗa ƙwarya shekara da shekaru kafin a miƙa masa baka. A Yamai an buɗe wata hanyar a 1989, da aka kafa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda kayan gargajiya suka samu gurbi tare da na zamani. Amma uba a unguwar Yamai irin Dar es Salam, wanda ɗansa ke zuwa boko da safe, islamiyya da yamma, ba ingancin darasi yake fara tambaya ba. Halas yake tambaya ko haram.

Yana da dalili. Goge ne ke kiran iskoki a wasan bori, haka ma wajen Zabarmawa a bikinsu na holle, kuma ya daɗe yana raka zaman gidajen giya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran zaure suka tashi da ita, ta hana sauraren kayan wasa da gangan. Akwai kuma hadisin da ke cikin Buhari, wanda ya jera kayan kiɗa tare da giya da zina cikin abubuwan da wasu mutane za su halatta. Wanda ya tsaya kan wannan nassi, a gare shi aji bai canza komai ba.

Sai dai malamai ba su taru a kan magana ɗaya ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya raunana hadisan hanin, ko da yake masana hadisi da yawa sun yi masa raddi. Matsayin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fi shafar goge. A Ihya'u ya ce sauti mai daɗi ba haram ba ne a kan kansa, in ba haka ba da kukan tsuntsu ma ya haramta. Duk da haka ya hana kayan tsirkiya, domin a zamaninsa alamar mashaya ne, jin su na tuna wa mutum zaman sha. Wato illar tana cikin zaman da kayan ke rakiya. Masu goyon bayan koyarwa nan suke kafa hujja: aji mai malami da allo, da rana tsaka, ba dandalin bori ba ne.

Hujjar na da ƙarfi, amma ba ta kai inda suke zato ba. Ba a koyon riƙon baka haka kawai. A kan kiɗa ake koyonsa, kuma da yawa daga cikin kiɗan goge mafi gwaninta taken aljanu ne, kowane iska da nasa. Malamin da ya cire su ya rage abin da ke horar da yatsu. Wanda ya bar su kuwa ya shigo da abin da iyaye ke gudu, ko da ya sa masa suna darasi.

Mafitar da ta fi kusa ita ce kukuma, ƙanwar goge, wadda Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam suka yi suna da ita a waƙoƙin yabo da na biki. Riƙonta da jan bakanta kusan ɗaya ne da na goge, kiɗanta kuma bai rataya ga bori ba. Wannan na iya gamsar da mai bin dalilin Gazali. Mai bin zahirin hadisi kuwa kukuma ma tsirkiya ce a wurinsa, shi ya sa irin wannan darasi ya fi dacewa ya zama na zaɓi, da yardar iyaye.