Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Wani saurayi ɗan manoman rani daga ƙasar Kano ya je Kalaba neman kuɗi, ya sauka a unguwar Bogobiri. A nan ya shaƙu da wani dattijo da ya tsufa a aikin lambun furanni. Ran nan dattijon ya yanko masa reshen wani ɗan tsiro da bai kai tsawon yatsa ba. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, sun hau juna bi da bi kamar kitso.

"Wannan okid ne," in ji shi. "Masana na kiransa Angraecum distichum, sunan da John Lindley ya sa masa a 1836. Zauna in faɗa maka yadda ake riƙonsa."

"Haba Baba, ni da na tashi a fadama?"

Dattijo bai ce komai ba. Saurayi ya samo tukunya, ya cika ta da baƙar ƙasa da takin shanu, ya binne saiwar, yana ban ruwa safe da yamma. Babu mai cewa bai yi ƙoƙari ba, don ko tumatirin mahaifinsa bai taɓa samun wannan gata ba. Amma ganye ya soma yaushi. Ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Da ya tono, sai ya tarar rabin saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe.

Ya kai wa dattijo yana sunkuyar da kai. Shi kuwa bai yi masa faɗa ba, sai ya ce ya shirya, za su Oban.

Dajin Oban yana cikin gandun Kuros Riba da gwamnati ta keɓe a 1991. Bishiyoyi sun rufe sama, rana sai dai ta leƙo, iska kuma jiƙe take. Dattijo ya nuna masa wani reshe. Ga irin tsiron nan a jikin ɓawo, yana reto, saiwarsa fara a fili, ko ƙwayar ƙasa babu.

"Kauci ne ke nan, Baba?"

"A'a, ɗana. Kauci shan jinin bishiya yake yi. Wannan wurin zama kawai ya ara. Farin rufin da ke jikin saiwar shi ke tsotse ruwan sama da raɓa, ka ga tana komawa kore in ta jiƙe. Daga nan iska ta busar da ita. Kai kuwa ka toshe mata numfashi. Abin da gonarku ke so ka ba shi, ba ka tambayi inda ya fito ba."

Saurayi ya miƙa hannu zai ɓalle wani sabo. Dattijo ya riƙe hannun.

"Na daji ba naka ba ne. Koma ka yi jinyar wanda ka jikkata."

Da suka dawo, ya yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, ya ɗaure tsiron a jikin ɓawon itace da 'yar gansakuka, ya rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa. Yana fesa masa ruwan sama da safe, ya bar shi ya sha iska. Sai da aka yi watanni kafin sabuwar saiwa ta kama ɓawon, daga baya farin fure ya fito a tsakanin ganye, bai kai santimita 1 ba.

Wani abokinsa da zai koma Kano ya roƙi reshe. Saurayi ya ce masa ya zauna tukuna, su yi maganar yadda zai yi da hunturu.