Makonni Takwas Na Farko: Nasiha Ga Ɗalibin Likitanci



Ya kai ɗan'uwana matashi da ka shiga karatun likita, na san wasunku suna ɗaukar darasin sassan jiki da na halittar ɗan tayi abin hadda ne kawai, a ci jarrabawa a manta. To, ka ji tsoron Allah. Wannan ilmi farilla ne na kifaya, watau in babu mai shi a cikin al'umma duka mun yi laifi. Kai ne ka ɗauke mana shi, saboda haka amana ce a wuyanka.

Allah (S.W.T.) ya ambaci matakan halittarmu a Suratul Mu'minun, aya ta 12 zuwa ta 14, domin mu yi tunani. Bari mu duba abin da ke cikin darasinka. Ƙwan mace bai kai kan allura ba. Maniyyi guda ɗaya tak, cikin miliyoyi, shi ke shigarsa a bututun da ke kaiwa mahaifa. Uwa ta ba da kuromozom 23, uba ya ba da 23, su zama 46. Bayan kamar mako guda abin ya maƙale a bangon mahaifa. Wajen kwana 22 da haɗuwar zuciya ta fara bugawa. Wajen kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, alhali jikin duka bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Kafin mako na takwas ya ƙare an aza tushen hannu da ƙafa da ido da hanta da ƙoda, tsawonsa kuwa kamar na dabino. Allahu Akbar! Daga nan ka fito, malam. Ina abin girman kai?

Sa'an nan ka lura da wani abu. Kashi babba na wannan aiki yana gudana ne tun matar ba ta tabbatar tana da ciki ba. Nan haɗarin yake. A shekarar 1957 aka fara sayar da wani magani a Jamus ta Yamma, talidomaid, mata masu laulayi suka yi ta sha don tashin zuciya da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961, da ɗan bayan haka, an haifi yara sama da 10,000 a ƙasashe da yawa, wasu hannuwansu dungu, wasu babu ƙafafu. Ɓarnar tana aukuwa ne tsakanin kwana 20 zuwa 36, daidai lokacin da gaɓoɓi ke tsirowa. To, gobe mace za ta zauna gabanka tana kukan ciwon kai. In ka san darasinka, za ka tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe kafin ka ɗauki alƙalami. In ba ka sani ba, ka rubuta abin da ya nakasa ɗan mutane, me za ka ce wa Allah?

Haka kuma da ilmin nan za ka yaƙi camfi. A haifi yaro da tsagaggen leɓe ko buɗaɗɗen ƙashin baya, sai ka ji an ce maita ce ko iska, a nufi gidan boka, a haɗa shirka da asarar dukiya. Alhali leɓen likita na ɗinke shi, shan folik asid kuwa tun kafin shigar ciki yana rage matsalar bayan ƙwarai, da izinin Allah. Wani kuma ya saki matarsa wai 'ya'ya mata take haifa masa. Subhanallahi! Allah ne mai bayarwa, sababin kuwa daga maniyyin mijin yake, domin shi ke ɗauke da kuromozom ɗin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace. Ka faɗa masa wannan, cikin ladabi.

Kada kuma wani ya ce maka karatun nan na Nasara ne. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, malamin fiƙihu ne kuma likita. Shi ya bayyana cewa jini na bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu, fiye da shekara 300 kafin littafin Harbi na Ingila ya fito a 1628.

Saboda haka ka gyara niyya, ka kama littafinka da gaske, kada ka bar salla don karatu. In an kai ku ɗakin feɗe gawa, ban da raha da wasa, domin ɗan Adam ne, yana da alfarma a raye da a mace.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sauki masu ciki lafiya, ya tsare mu daga cin amana. Amin.