Markus, Wanda Ya Gudu Ya Bar Aiki

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41

Cikin wasiƙun da ke iso mana akwai irin wadda nake ajiyewa gefe domin in sake karantawa. Ita ce ta mutumin da ya taɓa riƙe aiki a ikilisiya, ko cikin mawaƙa ko a makarantar Lahadi, sa'an nan ya yi tuntuɓe, yanzu kunya ta hana shi taka ƙofar majami'a. Rediyo kaɗai ya rage masa, yana sauraro a ɗaki da dare. Idan kai ne, yau da kai nake magana.

Yohanna, wanda ake kira Markus, ɗan gidan masu bi ne. A gidan mahaifiyarsa Maryamu, a Urushalima, 'yan'uwa suka taru suna addu'a a daren da mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Da Bulus da Barnaba suka tashi tafiyarsu ta fari ta bishara, suka tafi da shi ya zama mai taimakonsu. Tare suka ratsa tsibirin Kubrus, amma da suka haye Bamfiliya sai ya bar su, ya koma gida.

Bulus bai manta ba. Da lokacin tafiya ta biyu ya yi, Barnaba ya so a sake ɗaukar Markus, Bulus kuwa ya ƙi sam. Gardama ta yi zafi har manyan bayin Allah biyu suka rabu a Antakiya. Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya tafi Kubrus da Markus. Ka dubi nauyin da ke kan saurayin nan, a ce saboda shi aka rabu! Duk da haka da Barnaba ya ce ya zo, ya tashi ya bi.

Daga nan littafin Ayyukan Manzanni bai ƙara ambatonsa ba. Ba a rubuta mana wa'azinsa ko ɗaya ba. Sai bayan shekaru muka sake jin sunansa, daga bakin wa? Daga bakin Bulus ɗin da ya ƙi shi. Yana ɗaure, ya gargaɗi Kolosiyawa su karɓi Markus idan ya zo (Kol. 4:10). Dab da ƙarshen ransa kuma ya roƙi Timoti ya zo masa da shi, domin yana da amfani a gare shi cikin hidima (2 Tim. 4:11). Bitrus ma, wanda ya san ɗacin yin musun Ubangijinsa, ya kira shi ɗansa. Tun zamanin ikilisiyar farko masu bi sun riƙe cewa shi ne ya rubuta Bisharar Markus.

Mu fastoci, in faɗi gaskiya, mun fi saurin zama Bulus na ranar gardama fiye da Barnaba. Allah ya gafarta mana.

Kai kuwa ɗan'uwa, ran Lahadin nan ka je sujada. Ka sami dattawa ka faɗi laifinka ba ɓoye-ɓoye. Idan sun sa ka horo a bencin baya, ka zauna. Idan shara aka ba ka, ka riƙe tsintsiya da kyau, kada ka tambayi ranar da za a mayar maka da matsayinka.

Addu'a: Ya Uba, ka ba wanda kunya ta ɗaure ƙarfin tashi, ka kuma tanadar masa Barnaba a bakin ƙofa. Cikin sunan Yesu, Amin.